Ɓarawon Ƙwai Mai Jan Ciki: Damuwar Masu Kaji A Saulawa Da Kewayenta

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauye da damina ya san irin kukan da kaza takan yi cikin dare idan wani abu ya shigar mata akurki. Kuka ne gajere na firgita, dabam da kyarkyarar da takan yi da hantsi bayan ta nasa ƙwai. Sauran kaji su amsa gaba ɗaya, sa'an nan wuri ya yi tsit. Da gari ya waye uwargida ta leƙa, sai ta tarar ƙwai goma sha biyun da kazarta take kwanci a kansu sun koma takwas. Babu ɓawo a ƙasa, babu gwaiduwa, murfin akurki kuma yana nan yadda ta jingina shi jiya da magariba. Daga nan sai zargi ya tashi. A tuhumi yaran gida, a tuhumi almajirin da ke zuwa ɗibar ruwa, wani lokaci ma har maganar ta shiga tsakanin kishiyoyi, alhali kuwa ɓarawon yana kwance cikin tarin kara a bayan ɗaki, taku biyar daga inda ake gardamar.

Wannan damuwa ce da ta zama ruwan dare a garuruwan noma irin su Saulawa, cikin Ƙaramar Hukumar Ikara, da maƙwabtanta na Maƙarfi da Kudan a arewacin Jihar Kaduna. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san ƙasar. Ko a Saulawa ne, ko Paki, ko Gimi, ko Likoro da Hunkuyi, gona takan zo har gindin katangar gida. Masara da dawa su rufe ko'ina idan damina ta kankama, rake ya cika fadamu, ga rumbuna a tsakar gida, ga karan bara da aka tara domin girki da gyaran danga. Inda hatsi yake ɓera yana nan, inda ruwa ya kwanta kwaɗo yana nan, waɗannan biyun kuwa su ne tuwo da miyar maciji. Ƙwai daga baya yake ganinsa. Abin da ya fara kawo shi gida shi ne ɓera da kwaɗo, da kuma wuri mai duhu da ɗumi inda zai fake idan ruwan sama ya cika masa rami. Akurkin ƙasa mai tsaga a gindi ya haɗa masa waɗannan duka a wuri ɗaya.

Mai karatu da ke zaune a ofis yana iya ɗauka abin ƙarami ne, to amma bari mu lissafa. Kazar gida takan nasa ƙwai goma zuwa goma sha biyar, sa'an nan ta kwanta a kansu kwana 21, ta kuma yi makonni tana yawo da 'yan tsaki kafin ta sake komawa. Ba ta cika zagayowa fiye da sau uku a shekara ba. Watau idan maciji ya cinye ƙwan kwanci guda, ya tafi da sulusin abin da kazar nan za ta kawo a shekarar. Kajin nan kuma yawanci na mata ne da yara. Su ne asusun da ake fasawa idan yaro ya kwanta zazzaɓi, ko za a sayi littafin makaranta, ko zubin adashi ya zo babu kuɗi a hannu. Har ila yau damina ita ce lokacin da zabi ke nasa ƙwai, akan kwaso shi a sa wa kaza ta kwanta a kai, shi kuwa sai ya yi kamar mako huɗu kafin a ƙyanƙyashe shi. Mako huɗu ke nan ƙwai yana wuri ɗaya, daidai lokacin da macizai suka fi yawo. Masu iya magana sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma wanda ya bi wannan karin magana har ƙarshe ba zai taɓa tara kaji ba.

Duk da haka asarar ƙwai ita ce ƙarama cikin al'amarin. Babbar ita ce hannun da ake zurawa cikin akurki a duhu. Ni kaina ina ɗan shekara tara ko goma aka aike ni bayan magariba in ɗebo ƙwai. Na durƙusa na zura hannu har kafaɗa kamar yadda na saba, sai na taɓa wani abu mai santsi da sanyi, ya kuma motsa. Allah ya kiyaye, ban tsaya ganin launinsa ba. Washegari da aka ɗaga akurkin aka tarar da rami ya bi ta ƙarƙashin katanga, ga saɓar maciji a bakinsa. Har yau idan na ga an yi wa yaro irin wannan aike da dare sai gabana ya faɗi.

WANE NE ƁARAWON?

Kafin a ɗora wa maciji laifi ya kamata a duba shaida, domin ba shi kaɗai ke son ƙwai ba. Ɓera da gafiya sukan fasa ƙwai ta gefe su bar ɓawo da alamar haƙori, ko su gangara da shi zuwa bakin rami. Damo da guza da rana suke zuwa, sukan kuma bar sawun ƙafa da layin jela a ƙasa. Muzuru da tunku sun fi son tsaki da kaza, idan sun zo kuwa sai an ga gashi da jini. Har ita kanta kazar takan koyi shan ƙwanta, idan abincinta ya rasa sinadarin da ke yin ɓawo ko kuma ƙwai ya taɓa fashe mata ta ɗanɗana, ana kuwa gane ta da gwaiduwa a baki da jiƙaƙƙen gurbi. Akwai kuma ɓarawo mai ƙafa biyu, wanda maganarsa sai a gaban mai unguwa.

Hanyar rarrabewa ba ta cin ko kwabo. Da yamma a share kewayen akurki, a barbaɗa toka ko lallausan yashi faɗin kamu biyu, a rufe kaji. Da safe ƙasa za ta ba da labari. Sawun maciji layi ne mai lanƙwasa wanda babu tambarin ƙafa a gefensa, zai kuma nuna ainihin kafar da yake bi, wadda ita ce abin da ake nema.

Idan an tabbata maciji ne, saura a san wanne. Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, ita ta fi kowane maciji kashe mutane a Nijeriya, amma tsawonta bai cika wuce rabin mita ba, ba ta da girman haɗiye ƙwan kaza. Hatsarinta a gona yake, lokacin noma da girbi. Kasa kuwa kwanto take yi wa ɓeraye, tana iya zuwa gindin rumbu ta kwanta, amma ƙwai ba shi ne abin nemanta ba. Mesa idan ta girma kazar take ɗauka ɗungum.

Akwai wani maciji wanda ƙwai kaɗai ne abincinsa, masana ilmin dabbobi suna kiran jinsinsa Dasypeltis. Halittarsa abar mamaki ce. Ba shi da dafi, haƙoransa ma ba su taka kara sun karya ba. Yakan buɗe baki ya haɗiye ƙwan da ya ninka kansa girma, idan ƙwan ya wuce maƙogwaro sai wasu ƙasusuwa masu tsini da suka fito daga ƙashin bayansa su tsaga ɓawon, ya matse ruwan ya wuce ciki, sa'an nan ya amayar da ɓawon a nannaɗe kamar busasshen ganye. Wanda ya tsinci irin wannan ɓawo kusa da gurbi ya san baƙonsa. Ƙwan ƙananan tsuntsaye ya fi rayuwa a kai, sai babba ƙwarai a cikinsu ke iya ɗaukar na kaza. Abin tausayi, kariyar da Allah ya ba shi ita take jawo masa sanda, domin zanen bayansa ya yi kama da na kububuwa, idan an tsorata shi kuma yakan nannaɗe ya riƙa goga jikinsa da jikinsa yana fitar da ƙara irin tata. Wanda bai ƙware ba kada ya ce zai rarrabe su da ido, balle da hannu.

Saura wanda ya kamata a ji wa tsoro. Idan ƙwai yana ɓacewa ɗungum babu ɓawo, ana tsintar 'yan tsaki matattu, ko a tarar kaza ta mutu a kan ƙwanta alhali jiya lafiyarta ƙalau, to mafi yawa aikin gamsheƙa ne ko kumurci. Sunayen nan biyu ana musanya su daga gari zuwa gari. A wannan rubutu idan mun ce gamsheƙa muna nufin mai tsartuwa, wadda masana ke kira Naja nigricollis, kumurci kuwa muna nufin Naja haje, wanda yake fasa kai amma ba ya tsartuwa.

GAMSHEƘA DA BINCIKEN ZARIYA

Gamsheƙa ta saba da zama kusa da mutane. Tsawon babba yakan kai mita ɗaya da rabi har zuwa biyu. Da rana takan ɓuya a ramin ɓera, ko tsohon suri, ko tarin bulo da itacen girki, da dare ta fito neman kwaɗi da ɓeraye da tsaki da ƙwai. Ta iya hawa, ko itace ne ko bango mai kaushi. Idan an matsa mata takan ɗaga gaba ta fasa kai, ta tsarto dafi daidai idon mutum daga nisan mita biyu ko fiye. Yanzu sai a tuna yadda ake leƙa akurkin ƙasa: mutum ya durƙusa, ya kai fuskarsa bakin ƙofa, ya buɗe ido sosai domin ya gani cikin duhu. Da gangan aka shirya ma ba za a fi haka miƙa mata ido ba.

Muhimmin kaso na abin da likitocin duniya suka sani game da wannan maciji daga ƙasar Zazzau aka samo shi. A farkon shekarun 1970 wani likita ɗan Ingila, David Warrell, wanda daga baya ya zama shehun malami a Jami'ar Oxford, ya yi aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ya bi diddigin waɗanda macizai suka sara. A 1976 shi da abokan aikinsa suka buga rahoto kan saran gamsheƙa. Abin da aka sani da macizai masu fasa kai shi ne dafinsu jijiyoyi yake kamawa, kamar yadda na kumurci yake sa fatar ido ta faɗi, haɗiya ta gagara, numfashi ya tsaya. Amma marasa lafiyar Zariya ba haka aka gani a jikinsu ba. Kumburi aka gani mai tsanani, da ƙuraje masu ruwa, da ruɓewar fata da nama a inda aka yi saran. An kuma lura da yawa daga cikinsu a ɗakunansu aka sare su da dare suna barci. A shekarar dai aka buga wani rahoton kan waɗanda ta tsarta wa dafi a ido, inda aka nuna dafin yana iya yi wa baƙin ido gyambo, wasu ma har sun makance.

A 1980 kuma aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasar Malumfashi, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. A can gamsheƙa ce aka samu ta fi kowane maciji damun jama'a. Cikin waɗanda ta sara, waɗanda suka je asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba, kusan ɗaya cikin biyar kuma ruɓewar nama ta bar su da nakasa. Ƙasar Malumfashi da ta Ikara kuwa noma iri ɗaya ne, gini iri ɗaya, kiwo iri ɗaya. Gamsheƙar da ta saba samun ƙwai a akurki yau, ita ce za ta bi ɓera ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin kwana gobe.

MAGUNGUNAN KORA

Da an yi maganar maciji a gida, ko igiyar ƙasa kamar yadda tsofaffi kan sakaya sunansa da dare, kowa yana da maganin da zai ba ka. Wani ya ce a watsa namijin goro, wani ya ce tafarnuwa, wani ya ce a kewaye akurki da baƙin mai ko kananzir, wani ya ce a ƙona tsohuwar taya. Mutanen birni kuma kafur suke saye. Ba na raina abin da aka gada, amma gwaje-gwajen da aka yi a Amurka kan kafur da farar wuta, waɗanda ake haɗa magungunan korar maciji na kanti da su, sun nuna maciji yakan bi ta kansu ya wuce abinsa. Ko da warin yana damunsa, ruwan sama ɗaya na watan Agusta ya isa ya wanke duk abin da aka zuba.

To me ya sa mutane suke rantsuwa da waɗannan magunguna? A ganina amsar tana cikin halin macijin kansa. Idan ya haɗiye ƙwai uku ko huɗu yakan koma maɓoyarsa ya kwanta kwanaki yana narkarwa. A cikin kwanakin nan ne maigida ya zuba baƙin mai, ya ga shiru, ya ce magani ya ci. Bayan mako guda ƙwai ya sake ɓacewa, sai a ce ai wani ne dabam ya zo. Abin da kuwa yake tabbas shi ne hayaƙin taya yana cutar da 'yan tsaki, kafur guba ne ga ƙaramin yaron da ya tsinta ya kai baki, baƙin mai kuma yana iya bin ƙasa ya kai rijiya. Masu zuba guba cikin ƙwai su ajiye a gurbi su ma su tuna ba su san wanda zai riga macijin isa wurin ba.

Akwai masu kiran gardi ya zo ya kama. Wanda ya ƙware yana iya fitar da macijin da ke nan, amma ramin yana nan, ɓerayen suna nan, kwaɗin suna nan, wani zai maye gurbi kafin damina ta fita. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Ko kan ma da aka sare sai an yi hattara da shi, domin kan macijin da aka kashe yana iya sara bayan wani lokaci, saboda haka ba abin da za a bar wa yara ba ne su yi wasa.

GYARAN AKURKI

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin da ke aiki yana cikin ginin akurkin da abin da ke kewaye da shi. Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne, duk kafar da ɗan yatsa zai shiga, ƙaramin maciji zai shiga. A nan ne ma'aikata da yawa masu kiwo a bayan gidajensu sukan yi kuskure. Sukan sayi wayar kaji ta kasuwa mai faɗin ido inci ɗaya ko fiye, su kewaye keji, su ɗauka an gama. Wannan waya an yi ta ne domin ta tsare kaza a ciki. Maciji yakan kutsa ta cikinta da siririn ciki, ya haɗiye ƙwai, fita ta gagara, da safe mai buɗe ƙofa ya tarar da shi a fusace ba shi da hanyar gudu. Wayar da ta dace ita ce ta ƙarfe mai ƙaramin ido, rubu'in inci, watau kamar milimita 6. Ta fi tsada, amma ba dole ne a kewaye dukkan fili da ita ba. Wurin kwana da wurin kwanci kaɗai suke bukata.

Wanda akurkinsa na ƙasa ne ba sai ya rushe ba. A yaɓe duk tsaga tun kafin ruwan fari, a daɓe ƙasan ko a shafe shi da siminti domin ɓera ya kasa haƙa, kafofin iska kuma a toshe su da ɗan guntun waya mai ƙaramin ido. Inda aka fi sakaci shi ne ƙofa. Tsohon faranti ko faifai da aka jingina aka danne da dutse yakan bar kafa a gefe wadda ta isa. Katako ko gwangwanin rufi da aka yanka daidai, yana zamewa cikin tsagi ya zauna daram, shi ne murfi. Mai hali kuwa ya ɗora akurki a kan ƙafafu, tsayin ƙugu, ya sa wa kowace ƙafa gwangwani a kife kamar malafa domin ɓera ya kasa wucewa, ya kuma nisanta shi da bango da reshen itace, tun da mun ce gamsheƙa ta iya hawa.

A gidaje da yawa ƙarƙashin rumbu ne makwancin kaji, domin akwai inuwa ga kuma tsabar da ke zuba. Ba a taɓa zaɓen wuri mafi muni ba, domin an haɗa hatsi da ɓera da ƙwai da duhu a wuri guda. A raba su. A kau da tarin kara da itace da tsofaffin tukwane daga gindin akurki, a nome ciyawa a bar fili fetal na 'yan takuna, domin maciji ba ya son ratsa sarari inda za a gan shi. A ba kaji dusa da tsaki da safe yadda za su cinye kafin dare, kaskon ruwansu kuma a zubar a kife shi da magariba, kada ya zama matattarar kwaɗi. Kyanwa tana rage ɓera. Zabi sukan yi kururuwa idan sun ga baƙon abu da rana, amma da dare suna bisa itace, ba su da labarin abin da ke faruwa a ƙasa.

Sa'an nan a canza lokacin ɗibar ƙwai. A ɗiba da azahar, a sake dubawa da la'asar tun rana tana nan, a bar guda ɗaya mai alama domin kaza kada ta canza gurbi. Kazar da ke kwanci a mayar da ita inda za a iya rufe ta ruf da dare. Idan kuwa tilas ta sa a buɗe akurki cikin duhu, to babba ne zai je, da tocila a hannu ɗaya da sanda a ɗayan, ya tsaya a gefen ƙofa, ya haska, ya taɓa da sanda tukuna. Yanzu da kusan kowace wayar hannu take da fitila, babu sauran dalilin lalube. Ɗalibin da ya koma gida hutu yana iya gama dukkan wannan aiki a yini ɗaya da kwanon siminti da guntun waya, zai kuwa fi tsarabar da ya zo da ita amfani.

Idan an tarar da maciji a ciki, a janye yara, a ja baya fiye da mita uku, a bar ƙofa a buɗe. Mutane da yawa wajen ƙoƙarin kisa ake saransu. Ba zan ce wa magidanci mai ƙananan yara ya zauna da gamsheƙa a gida ba, amma ba kowane maciji da aka gani a bakin gona ya cancanci sanda ba, domin su ne suke rage ɓerayen da ke cin rumbu.

IDAN ƘADDARA TA FAƊA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara a duniya. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Shawararta ga wanda aka sara ta saɓa da abin da yawancinmu muka taso muna gani. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba tamau. Ɗaurin nan ya fi muni a saran gamsheƙa, domin naman da dafi ya riga ya fara kashewa sai a ƙara hana shi jini. Baƙin dutsen da ake mannawa a wurin sara ba ya zuƙe dafi, lokaci kawai yake ci. A cire zobe da awarwaro da agogo kafin kumburi ya kama, a kwantar da mutum, a tallafe hannun ko ƙafar da katako kamar mai karaya, a ɗauke shi zuwa asibiti, kada a bar shi ya yi tafiyar ƙasa. Idan an riga an ɗaure tamau kuma an jima, a bar wa ma'aikatan asibiti su kwance.

Maganin dafi na gaskiya allura ce da ake haɗawa daga jinin doki ko tunkiya da aka saba wa jikinsu da dafin, kowace kuma da macizan da take yi wa aiki. Akwai EchiTAb G da aka haɗa a Birtaniya, wadda ta kububuwa ce kaɗai. Akwai EchiTAb-Plus da cibiyar Clodomiro Picado ta ƙasar Kosta Rika take yi, wadda aka haɗa da dafin kububuwa da kasa da gamsheƙa. An gwada su biyun a kan waɗanda kububuwa ta sara a asibitin Kaltungo na Jihar Gombe, aka buga sakamakon a 2010, cikin masu binciken kuwa har da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano. Abin lura ga mai kaji shi ne allurar kububuwa ba ta maganin gamsheƙa. Saboda haka bayanin launin macijin da girmansa, da ko ya fasa kai, da inda aka gamu da shi, yana taimakon likita ƙwarai. Wanda ya samu ɗaukar hotonsa daga nesa ya ɗauka, amma kada a ɓata lokaci ko a jawo sara na biyu wajen farautarsa. Ba kowane ɗakin shan magani ke ajiye wannan allura ba, don haka mutumin Saulawa ko Gimi ko Likoro zai yi wa kansa gata idan ya tambaya tun kafin damina inda ake samunta mafi kusa, ko a Ikara ne, ko Maƙarfi, ko sai an dangana da asibitin koyarwa na Shika.

Wanda aka tsarta wa dafi a ido kuwa, maganinsa na farko yana tsakar gida. A kwarara masa ruwa mai tsabta nan take, na randa ko na buta, ido a buɗe, a yi ta zubawa babu ƙaƙƙautawa kamar minti goma sha biyar. Idan babu ruwa a kusa, madara ma ta yi. Kada ya murza, kada a ɗiga masa ruwan ganye ko a sa masa kwalli. Ko zafin ya lafa sai an kai shi asibiti a ranar, domin gyambon da dafi kan yi wa baƙin ido ba a ganinsa sai likita ya ɗiga wani rini ya haska.